Usur a Dutsen Filasko

Littafin ba shi da bango lokacin da ya shigo hannuna, shafukan farko ma sun yage sun tafi. A cikin kayan wankin wani alhaji Bamisire na tsince shi, a naɗe cikin zanin gado, bayan an watse daga aikin Hajji. Kafin in mayar masa, ayarinsu ya riga ya sauka Jidda. Har yau ban san sunan littafin ba, ban san wanda ya rubuta shi ba, kuma tuni na daina son in sani.

A Hindawiyya muke zaune a lokacin, 'yan shekaru bayan babban yaƙin Turawa. Unguwar Takari ce, wato mu Hausawa da sauran baƙar fata da Hajji ya kawo iyayenmu Makka suka zauna. Yawancin gidajen na gwangwanin kananzir ne da aka fasa aka miƙe aka buga a jikin katako, in ka jingina da bango da tsakar rana sai ya gasa maka baya. Ni a nan aka haife ni, ni da yayana. Mahaifinmu ya zo tun ba a tambayar kowa takarda, da aka fara bayarwa ya karɓar mana, ya rasu ya bar mu da tamu a cikin akwati. Ya kuma sa ni wajen wata malama a unguwar Tandabawi shekara huɗu, na iya karanta Larabci fiye da yadda ake so mace ta iya a wancan zamani. Ban ɓoye alfaharina ba. Ina da baki, ina da taurin kai, kuma ina ganin na fi duk matan layinmu sanin duniya tunda ni ce ke karanta musu wasiƙa.

Labarin na wani ƙauye ne a gindin dutsen ƙanƙara, a wata ƙasa mai sanyi. A ƙauyen akwai wasu maza da suka ɗaukar wa kansu aiki guda: in aka ce wani ya ɓata a kan dutse, sai su ɗauki igiya da bargo da fitila su hau nemansa. Shugabansu saurayi ne mai ƙarancin magana, yana son wata yarinya da ke kai wa makiyaya magani, amma ya kasa gaya mata. Suna da ƙa'ida. Mai nema zai busa usur sau uku, ya yi shiru ya kasa kunne. Wanda ya ɓata, in ya ji, ya amsa da duk abin da ya samu, ko da buga dutse a kan dutse ne.

Bayan la'asar muke taruwa a tsakar gidan wata tsohuwa Bakatsiniya da kowa ke kira Goggo. Wasu na ɓarar gyaɗa, wasu na saƙar mafici na kaba da ake sayar wa alhazai. In karanta layi da Larabci, in juya musu da Hausa, in ƙara gishiri inda na ga ya yi lami. Ba wadda ta taɓa ganin ƙanƙara ta rufe ƙasa a cikinmu. Wata ta ce ƙarya ce, ai ƙanƙara sayarwa ake yi a kasuwa, wa zai bar dukiya haka a zube a kan dutse? Saurayin nan kuwa ya sha zagi a gidan Goggo. Kullum sai an ce masa sakarai, mutum ya iya hawan dutse amma ya kasa buɗe baki.

Da farko na ɗauka soyayyar ce ke kawo su. Na daɗe ban lura ba cewa ba a wurin soyayya hannuwa ke tsayawa ba. In saurayi da yarinya na kallon juna, ɓarar gyaɗa na ci gaba, ana dariya ana tsokana. Amma da na zo inda aka buga ƙararrawa maza suka fara ɗaukar igiya, sai tsakar gidan ta yi tsit. Yawancin matan nan da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, wata shekara biyar a hanya, wata goma, kuma ba wadda ta iso da duk mutanen da ta taso da su. Goggo ta bar mijinta a gindin wata bishiya tsakanin Abashe da Junaina, da zazzaɓi a jikinsa da goran ruwa a gefensa, domin ayari ba zai jira ba kuma tana da goyo. An ce masa za a dawo. Wata ta bar ƙanwarta a bakin teku. Hanyar Makka gaba kawai take tafiya, ba a komawa ɗaukar kowa. Shi ya sa in na kai wurin da shugaban masu neman ya ce ba za su sauko ba sai da mutumin, Goggo takan ajiye kabarta ta ce in sake karanta wurin. Har sau uku take sa ni wani lokaci.

Ni ban bar kowa a gindin bishiya ba. Daɗin labarin kawai nake ji, ina kuma jin daɗin yadda manyan mata ke zuba mini ido.

Maigidana yana cikin waɗanda suka zo daga baya. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kano. Ya yi shekara bakwai a hanya, ya yi tsintar auduga a Sudan, sannan ya tsallako teku daga Sawakin a ƙaramin jirgin ruwa da ya zube su a bakin gaɓa inda ba kowa. Ba shi da takardar zama, kuma a shekarun nan ne aka fara matsa wa mutane a kanta. Wanda aka kama ba shi da ita, sai a sa shi a jirgi a mayar da shi hayin teku. Sana'arsa tsinkar filasko, ganyen nan na wankin ciki da Larabawa ke kira sanamakki. Bayan an yi ruwa yakan fito sosai a kwazazzaban duwatsun da ke bayan unguwar Ka'akiyya. Su tsinko, mu shanya, a kai wa masu sayar da magani kusa da Harami. Dogo ne, mai dariya ba sauti, kuma Malama yake kirana don tsokana. Muna da 'ya ɗaya, wata takwas a lokacin.

Abu ɗaya ke haɗa mu faɗa, tsoronsa. Ba ya bin babbar hanya in akwai lungu. In ya hango mai kaki sai ya sauya layi. Abokin da suka tsallako tare an kama shi a kasuwa ya bar mata da ciki, ba a sake jin labarinsa ba, kuma abin ya zauna wa maigidana a zuciya. Ya taɓa gaya mini dabarar da marasa takarda ke koya wa juna: in ka ji usur, kada ka gudu, mai gudu shi ake kamawa. Ka nemi wuri ka lafe, ka haɗiye numfashi har su wuce. Na yi masa dariya na ce ashe zomo na aura. Bai yi fushi ba. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ni kuwa ba abin da ya taɓa sarana.

Wata rana na je kasuwar gwanjo inda ake zubar da tarkacen da alhazai suka bari, na ga usur na ƙarfe mai ɗan zare. Na saya don in burge matan gidan Goggo. Da yamma, da na kai wurin da masu neman suka tsaya a bakin wani rami, sai na zaro shi na busa sau uku. Wata maƙwabciyarmu da ta zo ta Sudan ba da daɗewa ba ta watsar da tiren gyaɗa, ta faɗa ɗakin Goggo ta shige ƙarƙashin gado. Sai da aka ja ta da ƙafa ta fito. Mu da aka haifa a nan muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Goggo ba ta yi dariya ba, ta ce in mayar da abin nan inda na samo shi. Na sa shi a gwangwanin allura da zare, ban gaya wa maigidana ba don na san zai ce wasan yara nake yi. An nuna mini abin ƙiri-ƙiri a ranar, ni kuwa na mayar da shi abin raha.

Da sanyin shekarar aka yi ruwa sau biyu, filasko ya yi kyau. Masu tsinka su shida ne, shugabansu wani dattijo Badamagare da ya fi shekara ashirin yana hawan duwatsun nan, muna ce masa Baba. Al'adarsu su fita bayan asuba, su rabu a gindin wata bishiyar ƙaya da ke bakin duwatsun, biyu-biyu, kowa ya shiga kwazazzabonsa, su sake haɗuwa a wurin kafin azahar. Wata ranar Litinin abokin tafiyar maigidana ya kwana da ciwon ciki, sai ya shiga shi kaɗai. Azahar ta yi bai fito ba. Suka shiga kwazazzabon da ya bi suna kira har la'asar, ruwansu ya ƙare, suka dawo. Baba ne ya zo ƙofarmu da kansa. Ina ganinsa ba buhu a kansa, ba maigidana a bayansa, na san ba lafiya ba.

Amma ban zauna kuka ba, kuma da na zauna da ya fi. Kaina cike yake da littafi. Na tsare Baba a ƙofar gida ina tsara masa yadda za a yi: a raba mutane ƙungiya-ƙungiya, a ɗauki igiya da bargo, a yi alamar da za a riƙa ji daga nesa. Ya saurare ni har na gama, da haƙurin da har yau nake jin kunyarsa. Ya ce igiya da bargo sun yi, raba mutane ma dole ne tunda duwatsun da yawa. Amma su yadda suke neman nasu, da baki suke kira, da Hausa, su ambaci sunan mutum da sunan garinsu, don ya san 'yan'uwa ne.

Na ce murya ina za ta kai a cikin waɗannan duwatsu?

Ya ce, “'Yata, dutse ba takarda ba ne. Ki bar mu mu yi yadda muka sani.”

Maganar ta ƙona mini rai. Na ga tsoho ne da bai san alif ba yake raina karatuna, alhali mijina ne a kan dutse ba nasa ba. Ban ambaci usur a gabansa ba, don na san zai hana.

Yayana direban babbar mota ne tsakanin Makka da Jidda. Haihuwar nan ne kamar ni, Hausarsa ma ta fi tawa karyewa, rabin maganarsa Larabci ce, kuma wandon kaki na direbobi yake sawa. Da ya ji labari ya ajiye mota ya zo da abokansa biyu, su ma 'ya'yan Takari haihuwar Makka. Da asubar Talata, kafin su fita, na ja shi gefe na rataya masa usur a wuya, na tura shi cikin rigarsa. Na koya masa ƙa'idar kamar yadda take a littafi, busa uku, shiru, a kasa kunne. Na ce kada ya nuna wa Baba.

Ya ce, “Halas, ya uhti, ya isa haka ƙanwata, daina kuka. Yau za mu kawo miki shi, in sha Allahu.”

A gindin ƙayar Baba ya raba su. Shi da masu tsinka suka koma kwazazzabon da maigidana ya shiga da waɗanda ke gabas da shi. Yayana da abokansa aka ba su na yamma, wanda ke bayan tudu, tunda shi ya fi sauƙin hawa ga waɗanda ba su saba ba. Suka yini a ciki. Yayana na busa, abokansa biyu na kiran sunan maigidana da irin lafazin Larabawa, suna cewa ya fito. Sun bi kwazazzabon daga baki har ƙarshe suka dawo. Da yamma yayana ya ce wa Baba wurin nan ba kowa, sun tsefe shi tas, ko kare ne da ya amsa.

Saboda wannan magana, ranar Laraba ba wanda ya sake leƙa wurin. Aka tafi can nesa wajen kudu, aka tambayi makiyayan awaki, aka duba rijiyoyi. Ni ina gida, mata sun cika ɗakin. Nonona ya ɗauke, yarinya na ta kuka, maƙwabciyar nan da ta taɓa shiga ƙarƙashin gado ita ta karɓe ta ta shayar da ita tare da nata ɗan. A cikin duk wannan ina gaya wa kaina a littafi ma sai a rana ta uku ake samun mutum. Da wannan na riƙe zuciyata, ba da wani abu ba.

Ranar Alhamis na ce ba zan zauna ba. Aka samo jaki aka ɗora masa salka biyu na ruwa, na bi su har gindin ƙayar, aka ce in jira a nan. Wurin ba komai sai baƙaƙen duwatsu da suka tsattsage, da ƙudaje, da iska mai ɗumi ko da sanyi ne. Na tuna dutsen littafina fari fat, na ji haushin kaina. Baba ya ce ya gama da ko'ina, saura wurin da bai taka da ƙafarsa ba. Yayana ya ɓata rai ya ce ai sun duba. Baba ya ce ya sani, zai dai je ya gani. Suka shiga kwazazzabon yamma su biyar, yayana na biye da su.

Abin da suka tarar daga baya Baba ya ba ni labari. Ba su yi nisa ba ya ga buhun filasko a yashe a ƙarƙashin wani gangare, ganyen ya bushe. Ashe maigidana ya tsallaka tudu ne ranar Litinin ya bi inda ganye ya fi yawa, dutse ya zame da shi, cinyarsa ta karye, ya suma. Shi ya sa bai ji kiran ranar farko ba. Inda ya faɗi fili ne, duk wanda ya bi ta wurin sai ya gan shi. Amma daga wurin akwai sawun jan jiki a kan yashi, da jini da ya bushe, ya tafi kamar taku talatin har bakin wani tsagin dutse da mutum ba zai shiga ba sai a kwance. Baba ya durƙusa ya kira sunansa da sunan ƙauyensu. Daga ciki aka amsa.

Da hantsi ya ɗaga na hango su suna saukowa da shi a cikin bargo, mutum huɗu sun kama kusurwa huɗu. Na tashi da gudu, har ga Allah da murna na tashi, na ce a raina ga shi ya zo daidai da littafi. Sai da suka sauke shi a inuwar ƙayar na ga ƙafar. Ta kumbura ta yi baƙi har sama da gwiwa, tana wari. Leɓunansa sun farfashe, idanunsa sun faɗa. 'Yar salkarsa ce ta riƙe shi kwana biyu, daga nan sai raɓar da ke taruwa a jikin dutse. Na jiƙa gefen mayafina ina matsa masa a baki kaɗan-kaɗan, kamar yadda Baba ya ce.

Da ya gane ni sai ya yi wannan dariya tasa marar sauti. Ya yi mini alama in matso.

Ya ce, “Malama, sun zo fa.”

Na ce, “Su wa, Malam?”

“Askarawa. Rana ta biyu. Na ji usur ɗinsu, uku-uku. Har sunana sun sani, wani ya kai ƙarata.” Ya huta, na ƙara masa ruwa. “Ina kwance a fili. Na ja ƙafar nan na shiga tsagi. Na cusa rawanina a baki don kada in yi nishi. Ɗaya ya tsaya dab da ni, ina ganin wandon kakinsa.”

Ba wanda ya motsa a gindin bishiyar. Na ga Baba ya juya ya dubi yayana. Zaren usur ɗin yana nan a wuyansa, ya leƙo ta saman riga. Yayana ya kai hannu ya rufe wurin, ya ja da baya ya zauna a kan dutse.

Maigidana bai ga wannan ba, ni yake kallo. Fuskarsa cike da alfahari, irin na mutumin da ya yi abin kirki yana jiran a yaba masa.

Ya ce, “Ba su sa ni a jirgi ba. Ban bar ku ba, ke da yarinya.”

Ina da baki, na faɗa tun farko, ban taɓa rasa abin cewa ba. A ranar na nemi gaskiya a bakina na ga ba zan iya ɗora masa ita ba. Na riƙe hannunsa na ce, “Ka yi dabara, Malam. Ka tsere musu.”

Ya lumshe ido ya ce ai ya gaya mini, mai gudu ake kamawa.

Muka ɗora shi a kan jaki, mutum biyu na tallafe da shi, muka bi lungu-lungu zuwa gida kamar yadda ya roƙa. Aka kira mai ɗori, wani Bazabarme. Ya buɗe ƙafar ya duba, ya mayar da zane ya rufe, ya fita waje da Baba. Ta jikin gwangwani ake jin komai a gidajenmu. Na ji ya ce da an kawo shi ranar Talata da ɗori kawai zai yi, yanzu dafi ya riga ya hau jiki. Maigidana ya rasu washegari Juma'a da hantsi, yarinyar na kwance a gefensa. Har ya cika yana ganin ya ci nasara, kuma ban san ko wannan rahama ce aka yi masa ko kuwa zalunci na ƙara a kan na farko ba.

Yayana ya ajiye mini usur ɗin a bakin ƙofa ranar sadakar uku, ya juya ya tafi. Bayan wata biyu ya koma Jidda da zama. Mun rayu shekaru da yawa bayan haka, muna gaisawa da Salla, yana aiko wa yarinya da tufafi, amma ba mu taɓa zama mu biyu a ɗaki ɗaya ba. Baba kuwa da ya zo gaisuwa na jira ya faɗa mini abin da na cancanta. Na so ya faɗa, da ya zage ni da na sami sauƙi. Cewa ya yi kwanansa ne ya ƙare, ya yi addu'a ya tashi. Duk layin an san abin da ya faru, gidan gwangwani ba ya riƙe sirri, amma ba wadda ta taɓa yi mini gori. Ni na yi wa kaina. Na tsani karatuna, na tsani malamar Tandabawi da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Sau biyu ina ɗaukar littafin in kai bakin murhu, in dawo da shi.

Da na fita takaba Goggo ta aiko a kira ni, ta ce in zo da littafin. Ba mu gama shi ba lokacin da abin ya faru. Mun tsaya daidai inda yarinyar nan mai kai magani ta ɓata a kan dutse, ƙanƙara na zuba, saurayin ya ɗauki igiya. Na je hannu wofi, a fusace. Na ce mata littafin nan ƙarya ne daga farko har ƙarshe, shi ya kashe mini miji, kuma in suna son tatsuniya su nemi wata. Na faɗi maganganu da ba a faɗa wa tsohuwa. Ta bar ni na gama, tana saƙarta.

Ta ce, “Mun san ƙarya ne, 'yar nan. Tun ranar farko mun sani.” Ta ja kaba ta gyara. “Ke dai kin aika a nemo naki. Ni ban aika kowa ba. Je ki ɗauko littafin.”

Na koma na ɗauko. Matan sun taru kamar da, da gyaɗarsu da kabarsu, maƙwabciyata na riƙe da 'yata a cinya. Na buɗe inda na naɗe gefen shafi na fara. Maza suka hau, igiya ta tsinke aka ƙulla, fitila ta mutu aka kunna. Sai na iso inda saurayin ya tsaya a bakin wani rami ya kai hannu wuyansa. Na ga kalmar a kan takarda tun kafin in kai gare ta. Na yi shiru har wata ta ɗaga kai.

Sai na ce ya durƙusa a bakin ramin, ya kira ta da harshen uwarta, ya ambaci sunanta da sunan garinsu, ya ce 'yan'uwa ne, ta fito. Daga ciki ta amsa.

Duk sun san akwai usur a wurin, sun ji shi sau biyu a baya a cikin labarin, sun kuma ji shi da kunnensu a wannan tsakar gida. Ba wadda ta gyara mini. Aka ciro yarinyar da rai, ƙafarta ce kawai ta karye, aka naɗe ta a bargo aka sauko da ita. Hannuwa duk sun tsaya. Goggo ta ajiye kabarta ta ce in sake karanta wurin, na sake.